Farko da Ƙarshe Nasa, Tsakiya Tawa

Ni da yayana ba mu taɓa zama lafiya ba muna yara, sai da Baba ya raba mana littafi. Ya girme ni da ƴan shekaru, amma ban taɓa yarda ya girme ni a baki ba. In ya ce fari, sai in ce baƙi, ko da kuwa ina ganin farin da idona. Mama takan ce tun ina bayanta a goye nake harararsa. Gidanmu a Talaje yake, nan Yamai, da dogonyaro guda a tsakar gida da wani tsohon garu na laka da ya raba mu da maƙwabta. Baba mushe ne, malamin ƙaramar makaranta, mutumin Dogon Dutsi, kuma dattijo a majami'armu. Ba ya duka. Shi hukunci zama yake ya ƙirƙiro shi a tsanake, kuma Allah ya sani wani lokaci gara bulala.

Ƙarshen wata yakan ɗora mu bayan mobilet ɗinsa, ɗan ƙaramin babur, mu tafi Zango, wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa. Shi yana neman littafin lissafi, mu muna tonon tarin bede, littattafan nan na zane da ke ba da labari hoto bayan hoto. A cikin tarin nan muka haɗu da yaron da muka laƙaba wa suna Ɗan Lakwal, wato ɗan makaranta. Sunansa na ainihi na Turawa ne, bakinmu bai taɓa sabawa da shi ba. Siririn yaro ne ɗan lise, wato sakandare, lissafi na kayar da shi, uwarsa na yi masa faɗa kan wankin kwanoni. Amma in ya ja numfashi ya riƙe, sai ya ratsa bango, harsashi ma ya bi ta jikinsa ya wuce. Da ya saki numfashin ya koma yaro kamar kowa. In kuwa ya sake shi yana cikin bango, to ya mutu ke nan. Abin da ya kama mu ke nan, don ba mu da fiffike, ba mu da mota, amma numfashi kam muna da shi.

Ranar da aka sayo mana na farko, tun a kan mobilet muka fara faɗa. Ni zan fara karantawa. A'a, ni ne babba. Kafin mu shiga gida bangon littafin ya yage, rabi a hannuna rabi a hannunsa. Baba ya karɓe shi. Ya zauna a kujerarsa, ya sa aka kawo masa wuƙa, ya sa bakinta ya miƙe ƴan ƙarafan nan biyu da ke riƙe tsakiyar littafin, ya zare su. Littafi irin wannan takardu ne aka jera aka ninke biyu, don haka takardar waje ita ke ɗauke da shafin farko da na ƙarshe a haɗe. Baba ya zare takardun ciki ya miƙo mini, ya miƙa wa Yaya na waje.

Ya ce, "Babba shi ke buɗewa, shi ke rufewa. Ke kuma Auta, tunda bakinki ba ya gajiya, tsakiya taki ce. Kada wanda ya leƙa takardar wani. Mai son sanin abin da ke ciki ya roƙi ɗan'uwansa ya faɗa masa."

Kai, na ji haushi ranar nan! Na buɗe nawa, ga yaro tsundum cikin bango, ga wuta na ci, ban san abin da ya kai shi ba, ban san yadda aka ƙare ba. Shi kuma Yaya ya san yadda aka fara, ya san an ƙare lafiya, amma bai san ta yaya ba. Muka yi kwanaki muna kumbure-kumbure, kowa ya ɓoye nasa ƙarƙashin katifa. Ina so a shaida cewa shi ya fara zuwa. Ya tsaya bakin ƙofar kicin yana sosa ƙeya, ya ce, "Ke, wai ya aka yi ya fito?" Na ce sai ya fara ba ni farkon.

Daga nan abin ya zame mana ɗabi'a. Duk wanda aka sayo, Baba ya zare ƙarafa ya raba. Bayan abincin rana, in ya shiga ya kwanta, sai mu shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogonyaro. Mai ba da labari ya riƙe takardunsa, mai sauraro ya juya baya ya fuskanci garu. Ni na kawo dokar juya baya, don Yaya ɓarawon kallo ne, idonsa ba ya zama wuri guda. Shi kuma ya kawo ta numfashi. In mai ba da labari ya ce "ya riƙe", dole mai sauraro ya ja numfashi ya riƙe, ba zai saki ba sai an ce "ya saki". Bai yi lissafi da kyau ba, don kusan duk ratsa bango a tsakiyar labari yake, wato a hannuna. Ni kuwa muguwa ce. Sai in ce "ya riƙe", in tsaya ina kwatanta launin takalmin ɓarawo, ina gyara ɗankwali, shi yana dukan ƙasa da tafin hannu, kunnuwansa na rawa. Amma bai taɓa saki kafin in ba shi izini ba, ko sau ɗaya. Yakan ce namiji ba ya mutuwa cikin bango saboda ƙanwarsa.

Mun yi shekaru a haka. Ba mu taɓa sanin ƙarshen labarin gaba ɗaya ba, don littattafan ba a jere suke zuwa Zango ba, wani ya ɓata, wani an naɗe ƙosai da shi. Bai dame mu ba. Faɗanmu ma bai ƙare ba, sai dai ya zama irin wanda dole a shirya kafin la'asar.

Baba ya rasu shekarar da Yaya ya shiga jami'a, can ƙetaren gada wajen Lamorde. Abin da ya biyo baya ba na son tsawaita shi, duk wanda ya zauna garin nan ya ga irinsa a wani gida. Yajin aiki ya cinye shekara, gida ba mai kawowa, Yaya ya karɓi moto ya fara kabu-kabu wai kafin a koma aji. Abokan sana'a suka nuna masa tramol, suka ce yana hana gajiya. Ya hana shi gajiya, ya hana shi barci, daga baya ya hana shi komai. Ya fara magana shi kaɗai, ya ce ana binsa. Muka kai shi asibiti ya kwanta, aka sallamo shi, aka sake mayar da shi. Wata rana da ciwon ya tashi, Mama ta tare ƙofa don kada ya fita, ya ture ta, ta faɗi a kan hannunta ya karye. Har yau hannun nan ba ya ɗaukar bokiti.

Bayan wannan ne likita ya sa shi kan allura duk wata da ƙwayoyi kullum, ya kuma lafa. Lafawar ce ta fi cin raina. Yana zaune a ɗakin baya, a ba shi abinci ya ci, a ce ya yi wanka ya yi. In ka gaishe shi ya ce "lafiya", shi ke nan. Mutumin da ba a gama gardama da shi sai an gaji an bar masa, ya koma ba ya tambayar ko ƙarfe nawa. Ni a lokacin na yi aure, ina Lamorde, ina koyarwa kamar Baba. Duk Asabar nakan hau faba-faba, ƙaramar bas ɗin haya, in ƙetaro in zauna kusa da shi, in yi ta surutu, in tsokane shi, in ce hancinsa ya ƙara girma. Ba ya ko harara ta.

Na roƙi maigidana mu ɗauko shi. Ya ce ɗaki biyu gare mu, ga yara ƙanana, in tuna da hannun Mama. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na daɗe ban yafe masa ba.

Mama ba ta yi shawara da ni ba ta kira yayanta, Kawu, manomi a wani ƙauye gaba da Dutsi. Sai da magana ta nuna sannan ta gaya mini. Kawu zai zo ya tafi da Yaya ƙauye, wai iska ta fi, ga gona, ga maza a gida da za su iya riƙe shi in ya tashi. Na san ma'anar riƙewar nan. Na taɓa ganin wani a ƙauyen da sarƙa a ƙafa, ɗaure jikin turke a bayan rumbu. Kuma can ba mai yi masa allurar wata. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Na ce, "Mama, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar!" Ta ce, "Ke kina zuwa Asabar ki koma. Ni nake kulle ɗakina da rana tsaka a cikin gidana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Sai na kira Kawu da kaina na yi ta magiya. Ya saurare ni har na gama, don mutum ne mai haƙuri. Ya ce, "Ɗiyata, gani ya kori ji. In na zo na iske mutum, wanda ka zama cikin mutane a yi magana da shi, ni mi zan yi da shi? Sai in bar muku abinku."

To, ta yaya zan nuna wa Kawu mutum a cikin wanda ba ya cewa komai sai "lafiya"?

Ina cikin wannan tunani ne babban ɗana ya zo yana kallon wani abu a wayar ubansa. Na leƙa don in ƙwace, sai na ga siririn yaro ya kumbura kumatu ya shige cikin bango. Na zauna daɓas a bakin gado. Ashe Turawa sun mayar da Ɗan Lakwal fim, irin mai kashi-kashi ɗin nan, har da fassarar Faransanci, yaran ajina ma duk sun san shi, ni ce kawai ban sani ba. Washegari na bi ta Zango wurin masu zuba finafinai, aka sa mini a ɗan kile ɗin nan da ake cusa wa tele. Ban kalla ba. Na ce ba zan riga Yaya ba, tare za mu gani.

Na same shi a ɗakinsa yana kallon ƙasa. Na ce, "Yaya, ka san sun yi fim ɗin Ɗan Lakwal?"

Sai ya ɗago kai ya dube ni, ni ɗin, ba bangon da ke bayana ba. Ya ce, "Da mutane ko da zane?"

Wayyo Allah. Na manta rabon da ya yi mini tambaya. Na ce da mutane. Ya ce, "Za su ɓata shi." Na fita tsakar gida na yi kuka na share, na ce a raina na samu abin da zan nuna wa Kawu.

Kawu ya iso ranar Juma'a. Asabar na zo da wuri, na sa Yaya ya yi wanka, na goge masa rigarsa mai ruwan toka, na kira mai aski ya gyara masa gemu. Mama ta yi dambu da kopto, wato kwaɗon zogale. Aka ci aka wanke hannu, wuta ma ta yi mana kirki ba ta ɗauke ba. Muka zauna a falo, Kawu a kujerar Baba, Mama a tabarma, Yaya a kan ɗan benci kusa da bango, ni a tsaye bakin tele. Kawu ya ce shi bai saba kallon irin wannan ba, amma tunda ɗiyarsa ta ce, to.

Aka fara. Ga yaron a aji, mushe na riƙe da takardarsa ta lissafi yana girgiza kai. Ba a yi nisa ba Yaya ya yi tsaki.

Ya ce, "Wannan ya cika kyau. Ɗan Lakwal kunnuwa gare shi kamar faifai."

Kawu ya waiwaya ya dube shi. Ya ce, "Kai ka san shi ne?"

"Na san shi, Kawu. Tun kafin su san shi."

Daga nan bakin Yaya ya buɗe. Kawu ba ya jin Faransanci sosai, sai Yaya ya shiga fassara masa. Ya ce wannan uwar ce, amma a littafi ba ta da mota, ƙarya suka ƙara. Ya ce wancan mai gilashin abokinsa ne, a lura da shi, shi zai jawo masifa. Da yaron ya faɗa tafkin wanka ya riƙe numfashi, hannunsa ya shige cikin siminti, Kawu ya ce, "Kai! Maye ne?" Yaya ya yi dariya. Dariya, da haƙora a waje! Ya ce, "Ba maye ba ne, Kawu, shi kansa tsoro ya ji." Maganarsa a hankali take fita, harshensa ya yi nauyi saboda magani, amma kowace kalma a wurinta take. Mama ta ja bakin zane tana goge ido. Na ji Kawu ya ce da ita ƙasa-ƙasa, "Ashe yaron ga yana nan." Ni kuwa ji nake kamar in yi guɗa.

Mutanen fim sun bi littafin farko sau da ƙafa, wanda Baba ya fara rabawa. Ga ɗakin ajiya na lakwal ya kama wuta, ga mai gilashi a kulle a ciki yana dukan ƙofa. Ɗan Lakwal ya zagaya baya, ya ɗora tafin hannunsa a jikin bango. A nan takardun Yaya suka ƙare a wancan zamani. Ni na manta. Shi bai manta ba.

Ya miƙe, ya juya bencinsa, ya zauna ya ba tele baya, hancinsa kusa da bango. Ya ce, "Auta, naki ne."

Kawu ya dubi bayan Yaya, ya dube ni. Na ga murmushin ya fara janyewa daga fuskarsa. Zan iya cewa Yaya ya juyo, amma mutumin nan ya yi shekaru bai roƙe ni komai ba, yau ya kira ni Auta ya ce nawa ne. Sai na gyara murya na fara. Na ce hayaƙi na fita ta ƙarƙashin ƙofa. Na ce yaron ya rufe ido. Na ce, "Ya riƙe." Na ji Yaya ya ja numfashi har kafaɗunsa suka ɗaga.

A takarda wurin nan ƴan hotuna ne kaɗan, kuma ni ke da lokaci a hannuna, in ga dama in ja, in ga dama in gajarta. A tele lokacin ba nawa ba ne. Mutanen nan, Allah ya shirye su, sun ga wurin ya yi daɗi sai suka shimfiɗa shi. Suka sa kiɗa. Suka rage gudun hoto, yaron na ratsa bulo a hankali kamar mai tafiya cikin taɓo. Suka koma baya suka nuno shi yana ƙarami uwarsa na koya masa iyo. Ni idona na kan tele, bakina na zuba, ina jiran wurin da zai fito in faɗa, don haka muka saba, ba a cewa ya saki sai ya saki. Kawu shi ba tele yake kallo ba. Yana kallon ƙaton mutum mai furfura a gemu ya kafa fuska a bango, jijiyoyin wuyansa sun tashi, jikinsa na karkarwa, yana dukan gwiwarsa da tafin hannu.

Kawu ya ce, "Mi ya same shi? Kai! Kai, yi numfashi!"

Ya tashi ya dafa kafaɗunsa ya girgiza shi. Yaya ya fizge. Bai waiwaya ba, bai ma san wa ya taɓa shi ba, gwiwar hannu kawai ya kaɗa baya irin na wanda ake damu yana cikin aiki. Ta sami Kawu a baki. Tsoho ya yi baya ya ci karo da tebur, hularsa ta faɗi, kwanon ruwa ya kife. Mama ta ƙwalla ƙara, ta rarrafa ta shige bayan ƙofa tana rungume da hannunta mai ciwo.

Na ce, "Ya saki! Yaya, ya saki!"

Ya saki numfashi da ƙarfi, ya yi tari, ya juyo yana haki, fuskarsa cike da murna. Ya ce, "Kin gani? Har yanzu ina iyawa." Sannan ya ga Kawu a ƙasa da jini a leɓe, ya ga ƙafafun Mama a bayan ƙofa. Murnar ta tafi. Ya dubi hannuwansa. Ya tashi ya bi ta gefenmu ya koma ɗakin baya, ya ja ƙofa.

Na kashe tele na durƙusa gaban Kawu. Na ba shi labarin duka, wuƙar Baba da ƙarafa biyu da garu da dokar numfashi. Na ce ba ciwon ba ne, wasanmu ne, Mama ma shaida ce. Na ce abin da ya gani shi ne hankali mafi kyau da Yaya ya nuna a shekarun nan, ya tuna har shafin da rabonsa ya ƙare. Ina magana ina jin yadda take fita, kamar ni ma a haɗa da ni a tafi. Kawu yana danna leɓensa da bakin rigarsa, bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "Na yarda da ke, ɗiyata. Ban ce ƙarya kike ba. Kuma ban riƙe shi da komi ba, ni na taɓa shi." Ya nuna bayan ƙofa da haɓa. "Amma dubi uwarki."

Mama ba ta fito ba har lokacin. Tana zaune a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa. Na ce, "Mama, kin fa san wasan nan. Kina tankaɗe a bakin kicin muna yi." Ta ce, "Na sani." Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani, Auta. Amma na gaji da jin tsoron ɗana."

Na so in yi faɗa, don shi na iya. Na duba ban ga wanda zan yi da shi ba. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba wanda ya yi mini mugunta a cikin ɗakin nan.

Lahadi ba mu je majami'a ba. Na zo da safe na haɗa masa kaya, riguna da bargo da takalmin roba. Na ƙulla ƙwayoyinsa a leda na ba Kawu, na nuna masa na safe da na yamma, na ce in sun kusa ƙarewa a kira ni in aiko. Maganar allura ya ce zai ga abin da Allah zai yi, garin da ke da likita da nisa, ga damina na tafe. Na ce, "Kawu, don Allah ban da sarƙa." Ya ce, "In bai tashi ba, mi zai kawo sarƙa?" Bai yi mini alkawari ba, kuma na lura.

Mama ta tsaya a ƙofar gida. Yaya ya durƙusa ya gaishe ta daga nesa, bai matsa kusa ba, ita ma ba ta matso ba. Ta sa masa albarka, ta shige ciki tun kafin taksi ya tashi.

A tasha mutane sun cika, masu kaya na ihu, yaran mota na ɗaure buhuna a sama. Kawu ya tafi neman wurin zama. Muka tsaya ni da Yaya a inuwar wata rumfa, yana rungume da jakarsa a ƙirji. Leɓunansa sun bushe, na sayo masa ruwa ya sha. Na yi ta surutu kamar yadda na saba, na ce zan zo lokacin hutu, na ce ya gaida su Inna matar Kawu, na ce kada ya yarda a ba shi noma da rana tsaka. Na ɗauka ya koma cikin shirunsa. Sai ya juyo.

Ya ce, "Auta."

"Na'am, Yaya."

"Jiya na yi laifi ne?"

Na ce, "A'a. Daidai ka yi. Ba ka yi laifin komai ba."

Ya gyaɗa kai a hankali, yana juya maganar. Ya dubi motar, ya dubi jakar da ke hannunsa, ya sake dubana.

Ya ce, "To don me zan tafi?"

Ni da Baba ya ce bakina ba ya gajiya, na buɗe shi ban sami komai a ciki ba. Ya jira. Ya ba ni lokaci sosai, yana kallona. Kawu ya leƙo ta taga ya kira shi, ya ce an samu wuri. Yaya ya sunkuyar da kai ya shiga, aka ba shi kujera ta ɗaya gefen, inda ba na iya hango shi daga rumfar.